Hotunan da Ƙanƙara Ta Ajiye Shekara 33

Labarin mutanen da a kan same shi ta hanya uku. Akwai abin da tsofaffi su ke faɗa da baki, akwai abin da marubuta suka bari cikin takardu, sa'an nan tun daga shekarar 1839, da aka bayyana dabarar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa, sai aka sami hanya ta uku. An ce gani ya kori ji, saboda haka mutane da yawa su kan ɗauka da zarar an sami hoto gardama ta ƙare. Amma hoto shi ma mai ba da shaida ne, alƙali kuwa ba ya yanke shari'a da bakin shaida ɗaya sai ya auna shi da na sauran. Labarin da ke biye na waɗansu matafiya ne su uku, mutanen ƙasar Suwidin, waɗanda suka ɓace a shekarar 1897, aka tsinci fim ɗin hotunan tafiyarsu a 1930, ba a ko wanke shi ba.

Kafin a shiga labarin ya kamata mai karatu ya san yadda a ke ɗaukar hoto a wancan zamani, tun da ya ke yanzu galibi da wayar hannu a ke yi. Fim wani siririn abu ne dogo mai kama da leda, a naɗe, an shafe fuskarsa da magani wanda a ke haɗawa da azurfa. In aka buɗe idon kyamara haske ya faɗa a kansa, ko da na ƙiftawar ido ne, sai ya bar alama, amma alamar ba ta ganuwa. Sai an kai fim ɗaki mai duhu an tsoma shi cikin ruwan magani, watau an wanke shi, sa'an nan sura ta fito, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Wannan shi a ke kira dodon hoto, daga gare shi a ke buga hoton bisa takarda. Muddin ba a wanke ba, hoton yana nan kwance kamar iri cikin ƙasa. Zafi da laima su kan ɓata shi sannu a hankali, haske kuwa in ya same shi ya kan shafe shi farat ɗaya. Sanyi mai tsanani shi ne ke jinkirta lalacewarsa.

To, a ƙarshen ƙarni na 19 ƙasashen Turai suna ta gasar wanda zai fara taka ƙuryar arewa ta duniya, inda babu ƙasa sai teku wanda ya daskare ya zama ƙanƙara. Waɗanda suka gwada da jirgin ruwa ƙanƙara ta tare su, waɗanda suka gwada da ƙafa suka gaji suka juyo. Sai wani injiniya mai suna Salomon August Andrée, wanda aka haifa a garin Gränna a 1854, ma'aikaci a ofishin gwamnati mai rajistar sababbin ƙere-ƙere, ya ce shi ta sama zai bi. A lokacin ba a ƙera jirgin sama mai inji ba tukuna. Abin da a ke da shi balan-balan ne, watau ƙatuwar jaka da a ke cikawa da wata iska marar nauyi mai suna haidurojin, a rataya kwando a ƙarƙashinta mutane su shiga. Aibin balan-balan shi ne ba ya jin linzami, inda iska ta nufa can ya ke zuwa. Andrée ya ce ya sami maganin wannan: zai saki dogayen igiyoyi masu nauyi su riƙa jan ciki bisa ƙanƙara suna rage masa gudu, ya kuma ɗaura zannuwa irin na jirgin ruwa domin ya riƙa karkata shi. Masana da dama ba su yarda da wannan dabara ba, amma jama'ar Suwidin suka karɓe ta hannu bibbiyu. Sarki Oscar na Biyu ya ba da gudummawar kuɗi, haka kuma Alfred Nobel, attajirin nan da har yau a ke ba da kyauta da sunansa.

Aka ɗinka balan-balan ɗin da siliki ninki uku a birnin Faris, faɗinsa ƙafa 67, daga baya aka raɗa masa suna Örnen, watau Gaggafa. A 1896 suka kai shi wani ɗan tsibiri cikin tsibiran Svalbard, can arewa da ƙasar Norwe, suka cika shi, suka zauna jiran iskar kudu. Iska ba ta zo ba, suka koma gida. Ɗaya daga cikin abokan tafiyar, Nils Ekholm, masanin yanayi, ya auna ya ga jakar tana yoyo ta kafofin ɗinki fiye da yadda a ke tsammani, ya faɗi gaskiyarsa, da ba a saurare shi ba ya janye jikinsa. Aka maye gurbinsa da wani saurayi injiniya, Knut Fraenkel, mai shekara 27. Na ukunsu shi ne Nils Strindberg, mai shekara 24, ɗalibin kimiyya, gwanin ɗaukar hoto. An riga an yi masa baiko da wata budurwa mai suna Anna Charlier.

Ran 11 ga Yuli 1897 iska ta juyo, suka tashi. Tun ba su ɓace wa masu kallo ba abin ya fara lalacewa. Igiyoyin nan suka jawo kwandon har ya taɓa ruwa, sa'an nan yawancinsu suka kwance suka zube a bakin teku, matafiyan kuma suka zubar da yashi mai yawa domin su sami tashi. Ashe tun daga nan linzamin da Andrée ya dogara a kansa ya tafi. Sun yi wajen awa 10 suna tafiya sosai a sama, daga nan suka shiga hazo, laima ta kwanta bisa silikin ta daskare, nauyi ya ƙaru, kwandon ya dinga bugun ƙanƙara yana tashi. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Da safiyar 14 ga Yuli suka sauka bisa daskararren teku, kusan mil 300 daga inda suka tashi, ba su ko ci rabin hanya ba. Babu wanda ya ji ciwo.

Suka yi mako guda a wurin suna shirya kaya, ran 22 ga wata suka kama hanya da ƙafa, kowa yana jan amalanke marar ƙafa wadda ke sulɓi bisa ƙanƙara, kayan kowace ɗaya ya fi kilo 200. Suna kuma ɗauke da wani ɗan kwalekwale domin ƙetare inda ƙanƙara ta tsage. Da farko sun nufi kudu maso gabas, wajen tsibiran Franz Josef, inda aka ajiye musu abinci. Amma ƙanƙarar da su ke takawa ita ma tafiya ta ke yi bisa ruwa, kuma baya ta ke komawa da su, sai su wuni suna ja, in suka auna su ga kusan suna inda su ke. Bayan kamar mako guda suka zubar da abinci da kaya masu yawa domin su rage nauyi. Abin lura a nan shi ne, kyamarar Strindberg kilo 7 ce, ga kuma gwangwanayen fim, amma ba su shiga cikin abin da aka zubar ba.

Ran 4 ga Agusta suka sake shawara, suka juya kudu maso yamma. Abincinsu ya koma naman farin beyar, wata babbar dabba mai cin nama da ke yawo bisa ƙanƙara, wadda su ke harbi da bindiga. Da tsakiyar Satumba ta yi, sanyi ya ƙaru, rana wadda da ba ta faɗuwa dare da rana ta fara yin ƙasa, suka haƙura da tafiya, suka gina ɗaki da dusar ƙanƙara bisa wani falalen ƙanƙara mai yawo, suka bar shi ya tafi da su kudu. Ran 18 ga watan har ɗan biki suka yi na cikar sarkinsu shekara 25 bisa gadon sarauta. Ran 2 ga Oktoba falalen ya tsage a ƙarƙashin ɗakin, tilas ran 5 ga wata suka kwashe kayansu suka hau wani tsibiri mai suna Kvitøya, watau Farin Tsibiri. Bayan 'yan kwanaki rubutun da su ke yi cikin littattafansu ya tsaya.

A gida kuwa ba a san kome ba. Cikin tantabarun da suka tafi da su domin aiko da saƙo, ɗaya kaɗai ta faɗa hannun mutane, takardar da ke jikinta ta ran 13 ga Yuli ce, tana cewa lafiya lau. A 1899 da 1900 teku ya turo waɗansu 'yan tuluna biyu masu iyo da suka jefo daga sama da takarda a ciki, amma duka na ranar tashi ne. Aka aika masu nema, suka komo hannu wofi. Jita-jita ta yi ta yawo shekara da shekaru, wannan ya ce an ga balan-balan a Sibiriya, wancan ya ce a arewacin Kanada.

Farin Tsibiri wuri ne da jiragen ruwa ba su cika iya kusanta ba saboda ƙanƙara da hazo. Amma bazarar 1930 ta zo da ɗumi fiye da yadda aka saba, hanya ta buɗe. Ran 6 ga Agusta wani jirgin mafarauta na Norwe mai suna Bratvaag, wanda ke ɗauke da waɗansu masana ƙarƙashin Gunnar Horn, ya tsaya a wurin. Mutum biyu cikin ma'aikatan jirgin suka sauka neman ruwan sha, sai suka ga kwalekwale ya leƙo daga cikin ƙanƙara cike da kaya, da sunan ayarin Andrée a jikin wani ƙarfe. Aka sami ƙasusuwan Andrée da littafinsa, aka kuma sami Strindberg an binne shi cikin tsagin dutse an rufe da duwatsu, alamar shi ya riga sauran rasuwa. Ran 5 ga Satumba wani jirgin, Isbjørn, wanda 'yan jarida suka yi haya, ya iso ya tarar ƙanƙara ta ƙara narkewa, ya sami Fraenkel, da waɗansu takardu, da gwangwanin da fim ke ciki. Ran 5 ga Oktoba 1930 aka shigo da su birnin Sitokhom, jama'a suka yi dafifi a tituna, aka karɓe su kamar jarumawan da suka komo daga yaƙi.

Naɗin fim biyar aka samu waɗanda aka ɗauki hoto da su, gurbin hoto 240 ke nan. Aka miƙa su ga John Hertzberg, masanin aikin hoto a babbar makarantar fasaha ta Sitokhom. Aiki ne mai hatsari, gama fim sau ɗaya a ke wanke shi, in aka kuskure magani ko lokaci ba a sake samun dama. Ga shi ruwa ya shiga waɗansu, maganin da ke jikinsu ya yi laushi. Ya bi su a hankali har ya fitar da 93 waɗanda a ke iya ganin wani abu a cikinsu. Sauran sun tafi. Kafin shekarar ta ƙare aka buga littafi da rubuce-rubucen matafiyan da zaɓaɓɓu daga cikin hotunan, aka juya shi cikin harsuna da dama.

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne na ranar sauka. Ga balan-balan nan kwance a gefensa, baƙi ƙirin, bai gama sacewa ba, kwandon ya kife, igiyoyi a warwatse. Kusa da shi ga mutum biyu tsaye, ƙanana ƙwarai in an gwada su da shi, suna kallonsa. Ban da wannan babu kome sai fari, har da ƙyar a ke rarrabe inda ƙasa ta ƙare sama ta fara. Mai kallo da gaggawa zai ce hoton hatsari ne, ya wuce. Wanda ya tsaya ya yi tunani kuwa zai tambayi kansa inda na ukun ya ke. Yana bayan kyamara. Watau saurayin nan, bayan kusan kwana uku yana wahala cikin kwando, ya san kuma abin da zai kai shi gida ya mutu, ya ɗauki kyamara ya taka nesa bisa ƙanƙara har inda dukan balan-balan ɗin zai shiga idonta, ya daidaita, ya ɗauka. Wanda ya yanke ƙauna ba ya wannan aiki. Ya yi shi ne domin yana sa ran za a gani.

Akwai kuma wanda mutum biyu ke tsaye a kan beyar da suka harbe, irin tsayuwar da mafarauta ke yi in suna so a yaba musu. Akwai wanda dukansu uku suka fito suna fama da kwalekwale a tsakanin tudun ƙanƙara, domin kyamarar tana da dabarar da za a saita ta ta ɗauka da kanta bayan mai ita ya koma cikin 'yan'uwansa. Har akwai hoton cokali mai yatsu wanda Andrée ya ƙera wa Fraenkel da waya. Mutanen da ke tsakiyar halaka su ɓata fim a kan cokali, wannan ya nuna ba su rabu da raha ba.

Sai dai a nan ne ya kamata mai kallo ya yi hattara. Hoto ba ya ɗaukar kansa, mutum ne ke zaɓen abin da zai nuna da abin da zai bari. Littattafan da suka rubuta suna ba da labarin gudawa, da ciwon ƙafa, da ciwon ido saboda ƙyallin ƙanƙara, da faɗawa cikin ruwan sanyi, da kwana cikin jiƙaƙƙun tufafi. Mai duban hotunan kaɗai ba zai san yawancin wannan ba, gama mutum ba ya kafa kyamara sa'ad da ya ke kwance yana murƙususu. Sun nuna kansu yadda su ke so mutanen gida su gan su, a tsaye, cikin natsuwa, suna aiki.

Duk da haka hoto ya kan faɗi abin da mai ɗaukarsa bai nufa ba. Wanda ya dubi tufafinsu zai ga riguna ne da wanduna na ulu, ba na fatu masu gashi irin waɗanda mazauna ƙasashen ƙanƙara su ke sawa ba. Wanda ya dubi amalanken zai ga kayan sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙanƙarar kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tudu ne da kwari da tsaguwa. Waɗannan duka suna shaida cewa an yi shirin tashi sama sosai, ba a yi shirin tafiyar ƙasa yadda ya kamata ba. Saboda haka hotunan nan suka zama hujja ga ɓangare biyu. A 1930 jama'a jaruntaka suka gani a cikinsu. Daga baya, musamman bayan littafin da marubuci Per Olof Sundman ya fitar a 1967, mutane da yawa suka koma ganin Andrée a matsayin wanda kunyar janyewa ta hana shi jin gargaɗi, har ya kai samari biyu ga halaka. Hotunan ba su sake ba, masu kallo ne suka sake tambayar da su ke yi musu.

Wani abin kuma shi ne, hotunan da aka buga a 1930 an yi musu kwaskwarima. Bisa al'adar lokacin, an shafe tabo da ɗigo-ɗigon da ruwa da shekaru suka bari, an ƙara wa waɗansu wurare baƙi domin sura ta fito sosai. Aka kuma fi kula da 'yan kaɗan masu kyaun gani, sauran aka ajiye. A 2004 wani mai bincike, Tyrone Martinsson, ya bayyana aikin da ya yi na komawa ga dodannin hoton na asali, ya kwafe su da na'urar zamani, ya jera su yana gwada su da kwanakin da ke cikin littattafan matafiyan. Ta haka waɗanda da aka raina saboda dushewa suka sami daraja, gama a wurin mai neman tarihi hoto marar kyau wanda ba a taɓa ba ya fi kyakkyawa wanda hannu ya gyara. Tabon nan ma shaida ne na shekara 33 da fim ɗin ya yi cikin ƙanƙara.

Abin da hotunan ba su nuna ba shi ne yadda ajali ya same su. An tarar da abinci a sansaninsu, da harsasai, da man risho, saboda haka ba a ce yunwa ce kawai ba. A 1952 wani likita ɗan Denmak, Ernst Tryde, ya ce wata tsutsa ce da ke cikin naman beyar wanda bai dahu sosai ba. Waɗansu suka ce hayaƙin risho ne cikin rufaffen tanti, waɗansu suka ce sanyi ne da gajiya. A 2013 wata likita 'yar Suwidin, Bea Uusma, ta kawo hujjojinta cewa beyar ne ya kashe Strindberg. Da ya ke an ƙone gawawwakin a 1930 bisa al'adar da waɗansu Turawa ke bi, aka binne tokar wuri ɗaya a Sitokhom, gardamar ba ta da wurin ƙarewa.

Cikin takardun da aka tsinta har da wasiƙun da Strindberg ya riƙa rubuta wa Anna Charlier a hanya, da gajeren rubutu irin na akawuna. Ita kuwa ta daɗe tana jira, daga bisani ta auri wani Bature ɗan Ingila. Tana da rai sa'ad da aka wanke hotunan. Da ta rasu a 1949 aka binne ta a Ingila, amma bisa wasiyyarta aka kai zuciyarta Sitokhom aka binne kusa da kabarin Strindberg. Yawancin kayan da aka kwaso daga Farin Tsibiri an ajiye su a gidan tarihi na Gränna, garin da aka haifi Andrée.

Ba kowane fim da aka tsinta ke da labari mai girma irin wannan ba, amma ladabin dubansa ɗaya ne. A tambaya wa ya ɗauka, a ina ya tsaya, me ya so a gani, me kuma ya shigo ba da saninsa ba, sa'an nan a gwada shi da abin da aka rubuta ko aka ji daga bakin waɗanda suka sani. Wanda kuma ya tarar da tsohon naɗin fim cikin akwatin mahaifinsa ko cikin tsohuwar kyamara, kada ɗoki ya sa ya warware shi a haske, gama nan take zai shafe abin da ke ciki. Ya ajiye shi wuri mai sanyi marar laima har ya sami wanda ya iya wanki. In hotunan sun fito, ya nemi tsofaffin gidan tun suna da rai su faɗa masa sunayen mutanen da wuraren, ya rubuta da fensir a bayan kowane ɗaya.